Faifan da yake raɗa

Asabar, da dare

Yau wunin duka a kan murya ya ƙare. Da safe ina neman wata tsohuwar caja a ƙasan durowa sai na ci karo da jakar faya-fayan DVD ɗina, waɗanda rabona da su an yi shekaru. Ƙanena ya zaro ɗaya yana jujjuya shi, yana leƙa fuskarsa a bayansa kamar madubi, ya ce, "Yaya, wai wannan abin har yanzu yana yi?" Na ce masa ya jawo kujera ya gani.

Laftof ɗin da nake aiki da ita siririya ce, ba ta da bakin saka faifai, don haka na ɗauko 'yar na'urar karanta faifai mai wayar USB na jona mata. Ta yi ta gurnani tana juya shi. Tun daga Windows 8 ba a haɗo kunna DVD a cikin manhajar kallo ta asali, sai na buɗe VLC, wata manhajar kallon bidiyo, nan take hoto ya fito. Kiɗan shafin farko, inda ake zaɓen abin da za a kalla, ya tashi raɗau har na ɗan rage. Fim na farawa sai labari ya canza. Mutum biyu suna zaune a mota, bakinsu na motsi, amma abin da ke isowa kunnenmu bai fi raɗa ba. Na ƙure murya har 100. Na ja ta VLC zuwa 125, iyakar inda sandarta ta tsaya. Muka sunkuya mu biyu, kunnuwa dab da madannai, kamar masu laɓe a bakin ƙofa.

A haka muke sai wata babbar mota ta daki tasu. Ƙarar da ta fito sai da teburin ya amsa, 'yan sifikun suka yi wani kaf-kaf kamar takarda ta maƙale a fanka. Mama da ke kwance a ɗaki ta fito da sauri tana cewa, "Kai, lafiya? Me ya fashe?" Muka ce fim ne. Ta dube mu sama da ƙasa, ta ce a rage mata shi ko a kashe. To ina za a rage, alhali maganar ma ba a ji?

Zargina na farko a kan sifikun ya sauka. Na tsayar da faifan na kunna wani bidiyo daga intanet, murya ta fito tangaram, rabin ƙarfi ma ya ishe mu. Ke nan sifiku lafiyarsu lau. Na leƙa mahaɗar sauti ta Windows, inda kowace manhaja take da sandar muryarta ita kaɗai, ko an taɓa ja wa VLC tata ƙasa ba a sani ba. A sama take. Akwai kuma wani saiti da ke rage sauran sautuka da kashi 80 cikin 100 in kwamfuta ta ga kamar ana kiran waya a cikinta. Na kashe shi, ko gezau.

Daga nan na yi abin da har yanzu nake jin kunyarsa. Na fito da faifan na hura masa iska, na goge shi tas da gefen rigata. Ina mayarwa na tuna cewa sauti da hoto duk a lambobi aka adana su a ciki. In faifai ya karce, hoto ne zai riƙa tsalle ko ya daskare, murya ba ta raguwa don datti. Ƙanena bai ce uffan ba, amma na ga bakinsa. Sabunta direban sauti kuwa, wato manhajar da ke sarrafa sifikun, ya ci min kusan minti 40, har da kashewa da kunnawa sau biyu, ba abin da ya ƙaru sai haushi.

Iyafis ne ya fara buɗe min ido. Da na sa a kunne sai ga maganar duk tana nan, kowace kalma a fili, illa dai tana can ƙasa, kiɗa da ƙarar inji suna tafiya a kanta. Na juya bayan kwalin faifan ina karanta ƙananan rubutun da ba wanda yake karantawa. A wajen bayanin tsarin sauti an rubuta Dolby Digital 5.1, a gefensa kuma 2.0. Na zauna na ɗan yi karatu a kan waɗannan lambobi, kuma a nan ne na gane ashe faifan ba shi da laifi ko kaɗan.

Wannan 5.1 hanyoyin sauti shida ne. Hagu da dama a gaba, ɗaya a tsakiya, biyu a baya, sai ta shida mai ɗaukar rugugi, irin wanda ƙirji ke ji kafin kunne. Maganar 'yan wasa kusan duka a ta tsakiya ake zuba ta, don a sinima akwai sifika musamman a bayan allo da aikinta ke nan. Ni kuwa sifika biyu gare ni, kowacce ba ta fi girman ɗan yatsa ba. Dole manhaja ta tattara shidan ta cusa a biyu. Wajen cusawar ana raba ta tsakiya hagu da dama bayan an rage mata kamar desibel 3 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), rugugin galibi a watsar da shi, sannan a sassauta jimillar duka don kada su taru su wuce iyaka sauti ya tsage. Maganar da take da ɗakinta ita kaɗai ta koma zaman haya da kiɗa da harbi.

Abin bai tsaya nan ba. Masu haɗa sautin fim da gangan suke ajiye magana ƙasa, su bar sarari a sama don ranar da wani abu zai fashe. Kowane sautin Dolby Digital yana ɗauke da wata lamba da ke gaya wa na'ura ƙarfin maganar da ke ciki, ita kuma ta daidaita ta wajen desibel 31 ƙasa da ƙololuwa, wato iyakar ƙarar da tsarin zai iya ɗauka. Finafinai da yawa a 27 ake rubuta tasu, sai na'ura ta ƙara zaftare 4. In aka yi la'akari da cewa duk ƙarin desibel 10 kunne na jin sa kamar an ninka ƙara, to tsakanin hirar mutanen nan biyu da karon motar za a iya samun ninki sama da shida. Bidiyon intanet kuwa yawanci an riga an matse shi, magana da kiɗa duk suna can kusa da sama, shi ya sa kunnena ya saba da abin da ba haka fim yake ba. Ni ina ta ɗaga murya, ina ɗaga raɗa da fashewa tare, tazararsu na nan yadda take.

Maganin faifan farko ya zo da sauƙi har ya ba ni haushi. A VLC harafin B ne ke sauya layin sauti. Na danna sau ɗaya, mutanen cikin motar suka koma Faransanci. Na sake dannawa, wani dattijo ya fara bayanin yadda aka ɗauki fitowar cikin sanyi, ashe sharhin darakta ne. A na uku muka faɗa kan 2.0, wanda tun asali don sifika biyu aka tanade shi. Magana ta matso gaba. Na mayar da VLC 100, muka jingina da kujera a karo na farko tun safe.

Faifai na biyu da ƙanena ya zaɓa da yamma shi ne ya nuna taurin kai, don 5.1 kaɗai ke cikinsa. Nan na danna Ctrl da E, na shiga wajen gyaran sauti na kunna kwamfiresa. Sunan ya sa ƙanena dariya, wai ko firji za mu gyara. Aikinta dai ta danne duk ƙarar da ta haura wani mataki, sannan a ɗaga komai gaba ɗaya, sai na ƙasa ya taso ba tare da na sama ya fasa kunne ba. Na sa matakin wajen desibel 20 ƙasa da ƙololuwa, dannewar 4 bisa 1, na riƙa ƙara ɗagawar a hankali ina saurare har ta kai wajen 10. Da na zarce haka sai shuuu ɗin bayan fage ya taso, har numfashin 'yan wasa da motsin rigunansu ana ji, na dawo baya. Windows ma tana da nata madaidaicin ƙara a saitin sifika in direban ya zo da shi, amma shi komai yake shafa, har waƙa da ƙarar saƙo, ban so ba.

Ba zan ɓoye ba, an yi asara. Akwai inda gini ya rufta a fim ɗin, na tuna yadda ya taɓa razana ni shekarun baya, yau sai ya fito kamar an rufe ƙofar kabad da ƙarfi. Na ce wa ƙanena an cire wa wurin lakarsa. Ya ce, "Yaya, ni dai yanzu na san wa ya ci amanar wa." Ban iya musa masa ba.

Wajen ƙarfe 9 Mama ta leƙo, ta tsaya a bakin ƙofa kamar mai wucewa, can ta jawo kujera. Ta tambayi ko wannan mai hular shi ne mugun, muka ce ta bari ta gani. Kafin a kai ga amsar barci ya ɗauke ta a zaune. Na liƙa 'yar takarda a kan na'urar faifan na rubuta "kashe kwamfiresa", don na san kaina, gobe zan kunna waƙa in yi ta mamakin me ya same ta. Saura faifai 14 a jakar, ƙanena ya riga ya ware waɗanda aka rubuta 2.0 a bayansu gefe guda.