Talata: takardar gwajin Kawu

An yi ruwa da asuba, gari ya yi daɗi, layin marasa lafiya ma bai yi tsawo ba. Na dawo gida da wuri, na tarar Inna ta yi ɗanwake.

Bayan La'asar Kawu ya shigo da takardar gwajinsa a aljihun gaba, fuskarsa cike da fara'a. "Ɗiyata, duba ki gani. An ce ba ni da suga." Gaskiya ne, ba shi da shi tukuna. Sukarin jininsa kafin karyawa 6.2 ne, ciwon suga kuwa sai ya kai 7.0 ake kiransa. To amma na mai lafiya ƙasa da 5.6 yake. Kitsen jinin da takarda ke rubutawa TG ya kai 2.1, alhali daga 1.7 ya yi yawa. HDL, wanda ke kwashe kitse daga jijiyoyi ya mayar hanta, 0.9, namiji kuwa ana so ya wuce 1.0. Na sa ya zauna minti biyar, ƙafa a ƙasa, hannu daidai ƙirji, na tabbatar bai ci goro ba cikin rabin awa, sannan na auna jini: 136/88, ya ɗan hau. Na ari tef ɗin ɗinkin Yaya na zagaya cikinsa, tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, bayan ya saki numfashi. Santimita 104. Iyakar namiji 94, ta mace 80.

Abin da ya hana ni sukuni ke nan. Kowace lamba ita kaɗai ba ta ta da hankali, shi ya sa aka sallame shi da "ba komai". Amma awo biyar ne ake haɗawa a duba: ƙugu, sukari, TG, HDL da hawan jini. Wanda uku suka kauce masa ya shiga sahun masu haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Kawu duka biyar ɗin sun kauce.

Na ce, "Kawu, me kuke ci da safe?" Ya ce ai ya bar nama, ya bar mai tun bara, me kuma ya rage? Shayi ne babban kofi, sukari cokali huɗu da madarar gwangwani, da burodi rabin sanda. Da rana a kasuwa farar shinkafa ko taliya, a kora da lemon kwalba. Da dare tuwon shinkafa malmala biyu. Raina ya ɓaci, domin da gaske yake ƙoƙari, babu dai wanda ya zauna ya faɗa masa cewa gurbin naman da ya bari ya cike shi da abin da ya fi cutar da shi.

Sukari da sitacin da suka fi ƙarfin buƙatar jiki, hanta ce ke juya su kitse. Wani ya zauna a hantar, wani ya taru tsakanin hanji, wani ya fita cikin jini ya ɗaga TG. Kitsen cikin nan yana sa jiki ya daina jin insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, sai jiki ya ƙara zubo shi, yawansa kuma ya sa ƙoda ta riƙe gishiri, jini ya hau. Ana nan shekara da shekaru kitse na liƙewa a bangon jijiyoyin zuciya kamar tsatsa a bututun ruwa, mutum bai ji ciwon komai ba, ana ma yaba masa tumbi wai alamar hutu.

Da Gwaggo ta zo ɗaukarsa na rubuta mata, tunda tukunya a hannunta take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya fi kyau sukarin da ake ƙarawa kar ya wuce giram 25 a yini, wajen ƙaramin cokali shida, kwalbar lemo mai santilita 50 kuwa tana da kusan giram 50. Lemo ya fita gaba ɗaya. Sukarin shayi cokali ɗaya, daga baya babu. Gishiri ƙasa da giram 5 a yini, ƙaramin cokali guda, kuma a lissafa da dunƙule, don kusan rabinsa gishiri ne, kanwa ma tana cikin lissafin. A ƙara daddawa, citta da tafarnuwa, miya ba za ta yi lami ba. Tuwo malmala ɗaya, na dawa ko gero da ba a surfe ƙarƙaf ba. Rabin faranti ganye: zogale, rama, alayyahu, kuɓewa. Wake, kifi da ƙwai su dawo. Manja kusan rabinsa kitse ne mai daskarewa, man shanu ya fi haka, su ne ke ɗaga LDL, kitsen jinin da ke liƙewa a jijiyoyi, don haka man gyaɗa kaɗan, kuma ban da man suya da aka maimaita.

Tafiya da sauri minti 30, kwana biyar a mako. Babban binciken da aka fitar a Amurka a 2002 kan masu sukari irin nasa ya nuna rage wajen kashi 7 cikin ɗari na nauyi tare da wannan tafiya ya rage kamuwa da ciwon suga da kashi 58 cikin ɗari. Kawu kilo 90 ne, kilo shida ke nan zai zubar. A sake gwaji bayan wata uku, a sa LDL a ciki, likita ya duba ko yana buƙatar magani.

Na kuma gaya wa Gwaggo a gabansa: in ya ji nauyi a ƙirji yana bin hannu ko muƙamuƙi, da zufa da sarƙewar numfashi, kar a tsaya jiƙa komai, a wuce asibiti.

Ya karɓi takardar ya ce zai fara bayan bikin ɗan Alhaji. Saura mako uku bikin. Gwaggo ta ce ita daga miyar gobe za ta fara, bai ce komai ba. Alhamis zan bi ta gidan da na'urar awon jini.