An ruhe hilin tseren moto

Wallahi tun jiya raina babu daɗi. An ruhe hilin nan namu na tseren moto da ke bayan garin Tahoua, mai wurin ya ce ya gaji da asara, kuma duk wanda ya san wurin ya san gaskiya ya faɗa. Kowace Lahadi sai an biya mota ta zuba ruwa saboda ƙura, ga gyaran hanya in damina ta cinye ta, ga mai gadi, kuɗɗin shiga kuwa ba su taka kara sun karya ba, rabin 'yan kallo ma bisa katanga suke zama. Tun da aka ruhe iyaka da Benin a 2023 kayan gyara suka yi tsada, taya da sarƙa suka gagari samari da yawa, masu tsere suka ragu.

Ni yaran nan ne damuwata. Can dai hular kwano dole ce, akwai mai ɗaga tuta, yanzu kan kwalta za su koma tsakanin 'yan kabu-kabu da masu zuwa kasuwa. Mai tsire ma ya rasa ciniki. Masu hali na Tahoua, don Allah ku dubi wurin nan tun ba a yanka shi hilaye an saida ba.