Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Hoton Ƙwaƙwalwar Auta

A makon jiya na tsaya a inda likitan yara na asibitin koyarwa da ke Shika, Zariya, ya rubuta mana gwaji biyu a kan farfaɗiyar ɗana Auta. Na EEG bai ba mu wahala ba, wayoyi aka liƙa wa Auta a fatar kai aka auna wutar da ke gudana a ƙwaƙwalwarsa. Hoton MRI kuwa sai da na jira ɗaukar adashina.

Da surukata ta ji, cewa ta yi, "Ke 'yar nan, abin da iska ta taɓa hoto ne zai nuna shi?" Na ce, "Hajiya, ku dai sa mu a addu'a, rubutun ma ba mu daina ba shi ba."

Ranar karɓar sakamako likita ya juyo mana da kwamfutarsa, ya ɗora bakin biro a kan wani ɗan lanƙwasasshen wuri can ciki, daidai saitin kunne. Ya ce sunansa hifokamfas, kowa yana da biyu, dama da hagu. Na daman Auta cike yake, na hagun kuwa ya motse, ya fi ɗan'uwansa haske a hoton. Tabo ne. Ya tambaye ni ko yaron ya taɓa doguwar jijjiga da zazzaɓi yana ƙarami. Ya taɓa, tun kafin yaye, a wata damina.

Ya ce a shekarun farko ƙwaƙwalwa sauri take yi, kafin yaro ya cika shekara 6 ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girman ta babba, jijiyoyinta suna ta ƙulla hanyoyi da junansu. Jijjigar da ta daɗe a irin wannan lokaci tana iya barin rauni. Daga tabon ne wutar ke ɓallewa, kamar wayar lantarkin da ta saɓule tana tartsatsi. Shi ya sa Auta ke cewa wani abu yana taso masa daga ciki, sai ya ƙura ido, ya yi ta tauna baki yana jan wuyan rigarsa.

Abin da ya sa ni kuka a gaban likita shi ne da ya ce wannan wurin ne ke ajiye sabon abin da aka koya, na hagu kuma ya fi riƙe kalmomi. Yarona a biya masa aya da safe, kafin la'asar ta gudu. An kira shi daƙiƙi, an kira shi mai taurin kai, ya sha bulala a makarantar allo. Ashe farfaɗiyar da mantuwar gidansu ɗaya.

Likita bai rufe ni ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya suna iya daina faɗuwa idan suka samu magani yadda ya kamata, amma irin mai tabon nan takan yi gardama, wani lokaci har ta kai ga tiyata. Ya ɗora Auta a kan maganin kabamazefin, safe da dare, ban da tsallake. Ya kuma ja kunnena kada mu cire shi daga makaranta, domin ƙwaƙwalwar yaro tana iya buɗe sababbin hanyoyi muddin ana aiki da ita.

Da magariba Abban yara ya je wurin Malam a Tudun Wada, ya roƙe shi a rage wa Auta hadda, a yawaita masa maimaici, in ya faɗi a kwantar da shi a gefe, kada a sa masa cokali a baki. Malam ya karɓa. Iyayen wasu ɗaliban ne suka ƙi, wai yawunsa zai shafi 'ya'yansu. Yadda muka kwashe da su sai mako mai zuwa in sha Allah.