Jan zaren hula ya daina zuba a hotunana

Jama'a, alhamdu lillahi, jan nan ya tsaya wuri ɗaya. Waɗanda muke koyon rage nauyin hotuna don shafin intanet tare sun san tun bayan ƙaramar sallah nake kuka da hotunan hulunan da nake ɗora wa yayana a shafin shagonsa. Daren jiya na gano inda gizo ke saƙar, shi ya sa na ce bari in rubuta tun abin yana da zafi.

Yadda nake yi ba wani sabon abu ba ne. Wayata tana fitar da hoto mai fiksel 4000 a 3000, nauyinsa wajen megabayit huɗu. Ina rage faɗinsa zuwa 1200 a Squoosh, manhajar matse hoto, in zaɓi MozJPEG, wato hanyarta ta fitar da hoto a tsarin JPEG, in bar ingancin a 75 ɗin da yake zuwa da shi. Hulunan da aka yi wa aiki da farin zare a kan baƙi ko ruwan toka suna fita tsaf, kilobayit ɗari da 'yan kai, kowane zare kana iya ƙirga shi. Amma da an zo kan zanna mai jan zare a kan shuɗi mai duhu, sai abu ya lalace. Jan ya fita daga layinsa ya shiga cikin shuɗin, gefen kowane zane ya yi dishi-dishi da wani launi tsakanin ja da shunayya wanda babu shi sam a jikin hular, kamar atamfa mai zuba da aka wanke tare da farin kaya. Ƙananan ɗigon nan da mai ɗinki ya jera a bakin hula kuwa, sai su haɗe su zama layi ɗaya.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai sayar da hula. Kuɗin zanna a cikin ƙanƙantar ɗinkin yake. Mai saye yana buɗe hoto ne ya ja shi da yatsu biyu don ya ga ko aikin hannu ne mai kyau. Yaya ya duba wayarsa ya ce da ni, "Kai, wannan ai ka mayar min da ita ta inji." Maganar ta yi min ciwo, don gaskiya ya faɗa.

Abin da ya fi rikita ni shi ne, idan na ɗaga inganci zuwa 90, zubar sai ta ɓace ɗungurungum. A 78 tana nan, a 85 ta ragu kaɗan, a 90 babu ita. Sai dai fayil ɗin ya kumbura ya haura rabin megabayit. Shafi ɗaya mai huluna ashirin, ka lissafa da kanka. Masu sayenmu da yawa da datar yini suke shiga, wasu a inda sabis ɗin ke zuwa yana tafiya. Kafin hoto na uku ya buɗe mutum ya fita abinsa. Ni ma kaina datar wata ta ƙare min tun wata bai raba ba, saboda ɗorawa da saukewa ina gwadawa a wayoyi daban-daban, sai da na sake saye. Wannan kam ta taɓa aljihu.

Na canza hanyar rage girman daga wadda Squoosh ke zuwa da ita, Lanczos3, zuwa sauran da ke jerin, babu bambancin a zo a gani. Na sake ɗaukar hotunan a inuwar zaure da hantsi, haske ya yi kyau, zuba tana nan. Na koma WebP, wani tsarin ajiye hoto daban da JPEG, da murnata, tunda kowa yabonsa yake, fayil ya ragu sosai amma jan ya ma fi narkewa.

Ga abin da ke faruwa. JPEG, wanda aka tsayar da ƙa'idarsa tun 1992, ba ya ajiye hoto a matsayin ja da kore da shuɗi. Raba shi yake gida uku: ɗaya na haske da duhu, biyu na launi. Da yake idon mutum ya fi kama bambancin haske a kan bambancin launi, sai a bar bayanin hasken cikakke, a rage na launin. Tsarin da aka fi amfani da shi ana rubuta shi 4:2:0, ma'ana kowane fiksel huɗu, biyu a tsaye biyu a kwance, launi ɗaya suke rabawa. Wato hotona mai faɗin 1200, launinsa a 600 yake. Zaren hula a wannan girman bai wuce fiksel ɗaya ko biyu ba. Ina zai sami wurin tsayawa?

Dalilin da ya sa farin zare ke tsira kuwa, shi bambancinsa da baƙi duk a gidan haske yake. A lissafin hasken, kore ne ke ɗaukar kaso mafi tsoka, wajen 59 cikin ɗari, ja wajen 30, shuɗi 11 kacal. To jan zare mai duhu a kan shuɗi, haskensu bai yi nisa da juna ba, iyakar da ke tsakaninsu kusan duk a launi take, shi ne kuma aka yanke. Da na mayar da hoton baƙi da fari don in gwada, da kyar na ga zanen hular. A nan na ce to, na kama ka.

Batun 90 ɗin nan ma sai ya fito fili. Ba ingancin ne ya gyara jan ba. Wasu manhajojin da kansu suke daina rage launin idan ka kai wannan lamba. ImageMagick ma, mai sarrafa hoto ta hanyar rubuta umarni, ya rubuta a bayaninsa cewa daga 90 zuwa sama ba ya rage shi. Ashe abu biyu nake biya a lokaci ɗaya, ɗaya kawai nake bukata.

A Squoosh, ka buɗe saitunan da ke ɓoye a ƙarƙashin MozJPEG, ka cire alamar da ke kan Auto subsample chroma, ka ja ma'aunin da ya fito zuwa 1. Wannan shi ne 4:4:4, kowane fiksel da launinsa. Mai amfani da manhajar gyaran hoto ta GIMP zai same shi a tagar fitar da JPEG, mai ImageMagick kuma ya rubuta -sampling-factor 4:4:4. Da na yi haka sai na dawo da ingancin ƙasa, na tsaya a 78. Jar hular da ta fi ba ni wahala ta tashi daga kilobayit 150 mai zuba zuwa wajen 210 mai tsafta, maimakon 560 da take kai wa a 90. Wallahi sai da na tashi tsaye. Na ja hoton har ɗigon bakin hular suka cika fuskar waya, kowanne yana zaune daban, har inda allura ta ɗan kauce wa mai ɗinkin ana gani, irin abin da ke tabbatar wa mai saye cewa hannu ne ya yi. Da safe na tura wa Yaya, amsarsa kawai, "Yawwa, ƙanena, yanzu ka yi aiki."

WebP ɗin ma na fahimci laifinsa. Google ne ya fitar da shi a 2010 daga fasahar bidiyo ta VP8, kuma nau'insa mai zubar da wani bayani don rage nauyi 4:2:0 kaɗai ya sani, ba ka da zaɓi. Akwai wani saiti da ake kira sharp YUV da ke rage ɓarnar, na kunna, ya taimaka, amma bai kamo JPEG mai cikakken launi ba a kan wannan hular. Ga hotunan gaban shago da na shadda mai launi ɗaya, WebP nake amfani da shi har gobe, ba ni da ƙorafi. A ganina dai masu cewa a mayar da komai WebP ido rufe ba su taɓa ɗaukar hoton ɗinki ba. AVIF, wani sabon tsarin ajiye hoto, yana karɓar 4:4:4, ya kuma fi su ƙanƙanta a gwajin da na yi, sai dai tsohuwar kwamfutata tana nishi kafin ta gama guda ɗaya, kuma Safari, manhajar buɗe intanet ta wayoyin iPhone, bai fara buɗe shi ba sai 2022, ga mu da masu saye da ke riƙe da tsofaffin wayoyi. Na ajiye shi tukuna.

Kada kuma wani ya je ya kunna 4:4:4 a kan duk hotunansa. A kan farar hula da baƙin zare na gwada, nauyi kawai ya ƙaru, ido bai ga komai ba. Yanzu kafin in matse hoto sai in mayar da shi baƙi da fari na ɗan lokaci: idan zanen ya ɓace, ya shiga layin masu cikakken launi, idan yana nan, ya bi hanyar da aka saba.

Wani abu a gefe: idan mai shago zai turo muku hoto ta manhajar hira, ku ce ya turo shi a matsayin fayil. In ya turo yadda aka saba, an riga an matse shi a hanya, launin da ya tafi kuma babu saitin da zai dawo da shi. Huluna da dama sai da na je shago na sake ɗauka saboda haka.

Tsarin da na yi da farko shi ne in gama huluna, in koma kan yin girma biyu na kowane hoto, na waya da na kwamfuta, sannan in koyi matse su gaba ɗaya da umarni guda. Yanzu duk sun cakuɗe, don ina cikin gwada ImageMagick ne na tsinci maganar 90 ɗin, kuma rabin hulunan na matse su da shi tun ban gama koyonsa ba. Saura tsofaffin da ke kan shafin, duk jajayen sai an sauke an sake.

Wata sabuwa kuma ta kunno kai. Shadda mai ƙyalli, da na rage ta zuwa 800, sai wasu layuka masu lanƙwasa su bayyana a jikinta, alhali yadin ba shi da su. A 1200 ba sa fitowa. Na ɗan dusashe hoton kaɗan kafin in rage, layukan sun tafi amma sun tafi da ƙyallin, shi ne kuma abin sayarwar. Wanda ya taɓa fama da wannan a kan shadda ko leshi, don Allah ya faɗa min a wane girma ya tsaya.