Kwana Ɗaya a Thetford, Wajen Masu Farfaɗo da Injin Tururi

Jirgin ƙasan safe na hau a tashar King's Cross ta Landan, na sauka a Ely, na canza wani mai zuwa Norwich, shi ya ajiye ni a Thetford bayan tafiyar kusan awa biyu. Ƙaramin gari ne a yankin Norfolk na Ingila, amma a nan kamfanin Charles Burrell & Sons ya yi shekara da shekaru yana ƙera injinan tururi masu tafiya a kan titi, na sussukar alkama da na jan kaya da na daɓe hanya, har ya rufe a 1928. Ɗakin da suke yi wa injinan fenti shi ne gidan tarihinsu yanzu. Na zagaya shi, na ga injuna sai ƙyalli suke yi. Amma abin da ya kawo ni yana wani rumbu a bayan gari, inda wani iyali ke da injin Burrell guda, kwance, an kwakkwance shi.

Labarinsu irin na gidaje da yawa ne a ƙasar. Da tarakta mai shan gas ta zo, sai aka riƙa sayar da waɗannan injuna a kuɗin tsohon ƙarfe, wasu manoma kuma suka saye su suka ajiye. Masu wannan sha'awa sun kafa ƙungiyarsu ta ƙasa a 1954. A wannan gida kaka ne ya saya, ɗansa ya yi ta faci yana lallaɓawa, jikoki kuma su babban aikin ya faɗa wa: sauya ɗakin wuta gaba ɗaya.

Duk wanda ya fara gyara da fenti ya ɗauko aikin ta wutsiya. Ran injin yana cikin tukunyarsa, inda wuta ke mai da ruwa tururi, kuma tukunyar ce gangar jikin da silinda da ƙafafu suke haɗe da ita. Don haka sai an sauke komai. A cire rufin ƙarfen waje da abin da aka naɗe tukunyar da shi don riƙe zafi, a kula sosai, domin a tsofaffin injuna akan tarar da asbestos, wanda ƙurarsa ke lalata huhu. Sannan a bi farantin ƙarfen taki-taki da na'urar auna kauri.

Na leƙa cikin tsohon ɗakin wutar da tocila. Akwati ne na ƙarfe a cikin wani akwatin, ruwa na zama a tsakaninsu, ga ɗaruruwan sanduna masu zare, tazarar kimanin inci 4, suna riƙe bangon ciki da na waje don kada ƙarfin tururi ya turo su. Nan ɓarna take taruwa. A gindi, inda laka ke kwanciya, tsatsa ta ci ƙarfen ta yi masa kwari kamar zaizayar ruwan sama. Wasu sandunan sun siraɗe a tsakiya, ba ka gani daga waje. Sai an ƙwanƙwasa kowanne da guduma, mai lafiya ya yi ƙara tas, karyayye ya amsa a dushe. Ruwan yankin kuma mai alli ne, yana barin ƙanzo a jikin ƙarfe kamar na tukunyar tuwo. Ƙanzon nan yana hana zafi isa ga ruwa, sai farantin ya yi zafi fiye da kima ya kumbura. Maganinsa wanke tukunya a kai a kai ta ƙananan ƙofofin laka, da zuba wa ruwan sinadarin tanin, irin wanda ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita.

Sabon akwatin da ribiti ake haɗa shi, aikin mutum uku. Ɗaya ya gasa ƙusar har ta yi ja jawur, ɗaya ya zura ta ya tokare kanta, na uku ya daddake ɗaya bakin da gudumar iska. Da ta huce sai ta tsuke ta matse farantan biyu. In aka yi nawa ta fara hucewa kafin a gama, ba za ta cika ramin ba, sai yoyo. Bututun hayaƙi, masu faɗin kimanin inci 2, ana zura su ne a buɗa bakinsu da abin murzawa har su kama. Wanda ya zarce da murzawa zai faɗaɗa ramin, ya tsaga ɗan ƙarfen da ke tsakanin rami da rami.

Kafin a kunna ashana sai mai duba tukunya ya zo. A cika ta maƙil da ruwa, a matsa da famfon hannu har ninki ɗaya da rabi na ƙarfin da take aiki da shi: mai aiki a kan matsin fam 150 a kowane murabba'in inci a kai ta 225. Da ruwa ake yi saboda ba ya matsuwa. In wuri ya fashe, tsartuwa kawai zai yi. Tururi kuwa ba ya yin wannan rangwame. A 2001, a wajen wani bikin baje koli a Medina ta jihar Ohayo a Amurka, wani injin ya tarwatse ya kashe mutum biyar, aka gano rufin ɗakin wutarsa ya cinye ya yi siriri. Gudun irin wannan ne ya sa tun da can ake ɗaura wani toshe mai cikin dalma a rufin: in ruwa ya yi ƙasa, dalmar ta narke, tururi ya feso kan wutar. Shi ya sa kuma idon fayaman, wato mai kula da wutar, ba ya barin gilashin da ke nuna tsayin ruwa, musamman a gangara, inda ruwan ke kwarara gaba ya bar rufin a fili.

Da la'asar maƙwabcinsu ya hura nasa injin don in gani. Tsumma mai kananzir, sai itace, sai kwal kaɗan-kaɗan, ya fi awa biyu kafin allurar ma'aunin tururi ta hau yadda ake so. Gaggawa a nan ɓarna ce, don ƙarfen ciki zai riga na waje buɗewa, bututu su fara zuba. Kwal mai kyau ma ya yi wuya tun da aka rufe mahaƙar Ffos-y-fran ta Wales a 2023. Maƙwabcin ya buɗe ƙananan bawul na ƙasan silinda ruwan da ya taru ya fita, don in fistin ya daki ruwa yana iya fasa murfi. Sannan ya ja hannun tururi a hankali. Babbar ƙafar juyi ta motsa, bututun sama ya fara tari ɗaya bayan ɗaya, warin kwal da man silinda ya cika farfajiyar. Muka bi shi a ƙasa har bakin gona, tafiyarsa ba ta fi ta mai sauri da ƙafa ba, daga nan na juya don in tari jirgin Ely.