Ba kowane kumburin maraina ne gwaiwa ba

A Kano da an ga maraina sun kumbura sai a ce gwaiwa ce, a nufi mai magani. Wannan na damuna, domin wani lokacin ƙari ne.

Cikin ƙananan bututun da ke cikin ɗan maraina akwai ƙwayoyin halitta da ake kira Sertoli, waɗanda masanin kimiyya Enrico Sertoli ya bayyana a 1865. Su ke ciyar da ƙwayoyin maniyyi har su nuna, su kuma kare su daga garkuwar jikin mutum. A tsakanin bututun kuma akwai ƙwayoyin Leydig masu samar da testosteron, sinadarin da ke kawo siffofin namiji.

Ƙarin da ke tasowa daga waɗannan ƙwayoyi ba a cika samunsa ba, kuma kusan kashi 10 cikin 100 ne kawai ke bazuwa. Amma yana iya zuba sinadarai a jini: babba ya ga nononsa ya fara tasowa, yaro ɗan shekara bakwai kuma gashin mara ya fito masa, murya ta buɗe. Gwajin jini na AFP da hCG, sinadaran da ake aunawa don gano dajin maraina, galibi lafiya lau yake fitowa a irin wannan ƙari, shi ya sa ake buƙatar sikanin.

Ana cire shi ta matsematsi, ba a tsaga jakar maraina, don kada a buɗe wa cutar sabuwar hanya. Wanda ya bazu ba ya jin maganin daji sosai. Duk wanda ya taɓa ƙulli mai tauri, ko babu ciwo, ya ga likitan mafitsara a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano cikin makon nan.