Jeri cikin jeri: ina farashi[2][3] yake zaune a ƙwaƙwalwar kwamfuta?

A ce kana son adana farashin buhun shinkafa a kasuwanni huɗu, Argungu, Jega, Yauri da Kamba, na kwana bakwai. A takarda teburi ne mai layi 4, kowane layi da gurbi 7. Ita kuwa ƙwaƙwalwar kwamfuta ba ta san teburi ba, dogon layi guda ne na gurabe masu lamba. Don haka harshen shirya manhaja na C yake shimfiɗa gurabe 28 ɗin bi da bi: bakwai na Argungu, sai na Jega, har zuwa Kamba.

Lissafin gano gurbin farashi[i][j] shi ne i × 7 + j, inda i lambar kasuwa ce, j kuma lambar rana, kuma daga 0 ake fara ƙirga. Yauri ce i = 2, rana ta huɗu j = 3, ke nan 2 × 7 + 3 = 17. Idan kowace lamba tana cin bayit 4 (bayit ma'aunin wuri ne a ƙwaƙwalwar kwamfuta), farashin yana bayit 68 daga farkon jerin. In kana son komawa baya, raba 17 da 7: biyu, saura uku.

Ɗalibi ya riƙe wannan da kyau, domin nan ɓarna take shigowa. Ka rubuta farashi[0][7], alhali gurbin ƙarshe 6 ne, lissafi ya ba da 7. C ba ya duba iyaka, galibi sai ya miƙo maka farashin Jega na ranar farko a matsayin na Argungu, ba tare da wani gargaɗi ba.

Harshen Fortran, da ya fito a 1957, ta tsaye yake jerawa: ranar farko ta duk kasuwanni, sannan ta biyu. Harshen MATLAB ma haka.

Harshen Python dabam yake: kowane layi jeri ne mai zaman kansa a cikin babban jeri na waje. Jerin waje ba ya ɗauke da lambobin, adireshin jerin ciki kawai yake riƙewa. Shi ya sa [[0]*7]*4 tarko ne: layi ɗaya aka ƙirƙira, aka nuna shi sau huɗu. Ka sauya farashin Argungu, sai ka tarar na Jega da Yauri da Kamba duk sun sauya. Rubutun da ya dace shi ne [[0]*7 for _ in range(4)], wanda yake gina sabon layi kowane zagaye. Haka nan copy() jerin waje kaɗai yake kwafewa, sai deepcopy ne yake shiga har ciki. A ganina, teburin da layukansa suke tsawo ɗaya gara a ba NumPy, kayan aikin lissafi na Python, shi tun farko, don yana ajiye lambobin a jere kamar C.